Gajiyar ƙarfe: Abin da ke karya karanshaf ɗin injin gazuwal ana tsaka da aiki

Duk mai bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram ya saba ganin kamiyo a tsaye a gefen kwalta, an jera rassan itace gaba da baya, yaran mota sun shimfiɗa tabarma a inuwarsa suna dafa shayi. Idan taya ce ko birki, kafin la'asar sun tashi. Idan kuwa aka ce karanshaf ne ya karye, to zaman makonni ya kama su. Albasar da aka ɗauko daga Galmi za ta fara ruɓewa a cikin buhu, mai kaya yana waya, mai mota yana neman rance, direba kuma yana rantsuwa cewa lafiya ƙalau yake tafiya, haka kawai ya ji ƙara.

Direban bai yi ƙarya ba, amma ba haka kawai ba ne. Karanshaf, wanda makanikan da suka yi karatun Faransanci ke kira vilebrequin, da wuya ya karye saboda abin da ya faru a ranar da ya karye. Galibi tsaga ce ƙarama, wadda ido ba ya gani, ta kama shi tun makonni ko watanni da suka wuce, tana ci sannu a hankali har abin da ya rage na ƙarfen ya kasa ɗaukar nauyi. Injiniyoyi suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Sun san inda take farawa, sun san yadda ake lissafa ta, kuma yawancin abubuwan da ke gaggauta ta suna hannun mai inji, direba da bakanike.

Ƙasar da ke tafiya da gazuwal

Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka kusan duk abin da ke shigowa daga waje a bayan kamiyo yake zuwa. Tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, kaya da yawa suka koma biyowa daga tashar Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai tsawo da wahala. Haka motocin da ke ratsa sahara daga Agadas zuwa Dirku, da injinan niƙa na unguwanni, da taraktoci, da janaretocin asibitoci, otel-otel da eriyoyin waya, duk gazuwal suke sha.

Wutar gari ma ba ta tsira ba. Kafin watan Agustan 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga Najeriya yake zuwa: Yamai ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. Da aka katse shi, nauyi ya koma kan tashoshin cikin gida, ciki har da ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai, wadda aka buɗe a 2017 da ƙarfin megawat 80 na manyan injina masu fistan. Janaretocin da aka saya don su riƙe wutar awa biyu ko uku suka wayi gari suna aiki dare da rana. A cikin kowane ɗaya daga cikin waɗannan injina, babba ko ƙarami, akwai sandar ƙarfe guda mai gwiwoyi da duk ƙarfin injin ke bi ta kanta.

Tan 24 a kan gwiwa ɗaya

Fistan sama da ƙasa kawai ya iya, taya kuma juyawa take so. Karanshaf ne ke mai da wancan motsi ya koma wannan, kamar yadda fedar keke ke mai da taka ƙafa ta koma juyin sarƙa. Kowane fistan yana da sanda, wato biyal, da ta kama wuyan gwiwa ɗaya. Tsakanin gwiwoyin akwai wasu wuyoyin da ke kwance a jikin inji. Duka wuyoyin suna juyawa ne a cikin kusine, ƙarfe mai laushi da man inji ke shiga tsakaninsa da karanshaf.

Injin gazuwal ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa, don haka yana matse ta ninki 15 zuwa 22, alhali na fetur galibi ba ya wuce ninki 8 zuwa 12. Wannan ne sirrin ƙarfinsa da tattalin mansa, kuma shi ne azabar karanshaf. A injin kamiyo na zamani, matsin da ke cikin silinda lokacin fashewa yana kaiwa bar 180. Idan faɗin fistan santimita 13 ne, wannan matsi daidai yake da nauyin kusan tan 24, wato buhun gero 240 mai kilo ɗari-ɗari, su faɗo a kan gwiwa ɗaya cikin ƙiftawar ido, su ɗauke, su sake faɗowa.

Sau nawa? Janareta mai ba da wuta irin ta gari yana juyi 1,500 a minti ɗaya, wato 90,000 a awa. Kowace silinda tana fashewa sau ɗaya a juyi biyu, ke nan kowace gwiwa tana shan duka 45,000 a awa. Kafin kwana goma na aiki ba tsayawa, ta sha miliyan goma. Kamiyon da ya yi awa 18 tsakanin Yamai da Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, kowace gwiwarsa ta sha duka fiye da dubu 800 a zuwa kaɗai.

Darasin da aka koya da rayuka

Duk wanda ya taɓa katse waya ba filaya ya san gajiyar ƙarfe. Ba ya iya tsinka ta da ja, amma idan ya lanƙwasa ta gaba da baya sau ashirin, sai ta rabu biyu. Abin da ya ɗauki injiniyoyi shekaru kafin su yarda da shi shi ne, ƙarfe mai kauri ma haka yake, ko da lanƙwasar ba ta kai ido ya gani ba.

Ranar 8 ga watan Mayun 1842, wani jirgin ƙasa cike da fasinja yana komawa Paris daga Versailles, sai gatarin da ke riƙe da ƙafafun kan jirgin ya karye a kusa da Meudon. Taragu suka hau kan juna, wuta ta kama, ƙofofi kuma a kulle. Aƙalla mutum 55 suka mutu. Shekara guda bayan haka, injiniyan Birtaniya William Rankine ya duba karyayyun gatura da dama, ya nuna cewa tsagar tana farawa ne daga wurin da kaurin ƙarfe ya canza da kusurwa mai kaifi, sannan ta yi ta shiga ciki a hankali.

Wanda ya mai da abin ilimi shi ne Bajamushe August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa. Ya ƙera na'urorin da ke juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi yana ƙirga juyin da kowace ta yi kafin ta karye, ya kuma fitar da cikakken sakamakonsa a 1870. Abu biyu ya gano. Na farko, ƙarfe yana karyewa da nauyin da bai kai rabin wanda zai karya shi a karo ɗaya ba, muddin ana ɗorawa ana saukewa. Na biyu, akwai wata iyaka: idan nauyin bai kai ta ba, ƙarfen zai jure miliyoyin juyi ba tare da ya tsage ba. Idan ya zarce ta ko da kaɗan ne, an fara ƙirga kwanakinsa, kuma ƙarin nauyi kaɗan yana rage kwanakin da yawa.

Duk karanshaf ɗin kirki an tsara shi ne ya rayu a ƙasan wannan iyaka. Shi ya sa ake samun injin da ya yi kilomita miliyan da karanshaf ɗinsa na asali. Idan ya karye, ɗayan biyu ne: ko an ɗaga nauyi ya haye iyakar, ko an raunana ƙarfen iyakar ta sauko.

Lungun da tsaga ke farawa

Nauyi ba ya rarrabuwa daidai a jikin ƙarfe. Yana kama da ruwan kori a damina: inda hanya take miƙe yana tafiya lafiya, inda ta karya kwana nan yake taruwa yana cin gaɓa. A jikin karanshaf, kwanar ita ce lungun da wuya ya haɗu da kumatun gwiwa. A wannan ɗan wuri, takurar da ƙarfe ke sha tana iya ninka ta sauran jikin sau biyu zuwa huɗu. Wuri na biyu shi ne bakin ramin da aka huda don mai ya bi.

Shi ya sa ba a barin lungun da kusurwa. Ana yi masa lanƙwasa mai santsi ta ƴan milimitoci, kuma ƙarfin karanshaf mai nauyin kilo ɗari ya rataya ne a kan wannan ƴar lanƙwasa. Ƙarce ɗaya a wurin, ko tsatsa, ko ɗan datti da ya maƙale cikin ƙarfen tun daga masana'anta, ya isa mafari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A kamfanonin ƙera injina, kafin a narka ƙarfe ko kilo ɗaya ana zana karanshaf a kwamfuta, a yanyanka zanen gida dubbai, a ɗora masa matsin kowace silinda daki-daki har juyi biyu su cika. Kwamfuta tana fitar da hoto mai launi, ja a inda takura ta fi yawa, kuma kusan kullum jan yana fitowa ne a lungu da bakin ramin mai. Daga nan sai a kwatanta wannan adadi da iyakar da ƙarfen ke iya jurewa. Bayan lissafi ana yanko gwiwa ɗaya ta gaske a ɗaura ta a na'ura, a yi ta girgiza ta har sau miliyan goma ko har ta tsage. Ga injinan jiragen ruwa, ƙungiyar hukumomin da ke tantance lafiyar jirage ta duniya, IACS, tana da ƙa'ida mai lamba M53 wadda ta ce dole ƙarfin jurewa ya zarce takurar da aka lissafa da aƙalla kashi 15 cikin ɗari a kowane ɗaya daga waɗannan wurare. Ratar ba ta da yawa, kuma cikinta ne mai inji ke wasa duk ranar da ya yi sakaci.

Yadda aka yi ƙarfen ma yana da tasiri. Akwai karanshaf na zubi, kamar yadda ake zuba tukunyar dalma, akwai na ƙira, wanda ake dukan ƙarfe da zafinsa a cikin ma'auni har ya ɗauki siffa. Maƙeranmu sun san bambancin: ƙarfen da ya sha guduma jijiyoyinsa suna bin lanƙwasarsa, ya fi jure wahala. Manyan injinan gazuwal galibi na ƙira suke amfani da shi. Bayan ƙira ana ƙara wa fatar ƙarfen ƙarfi ta hanyoyi uku. Ana iya zafafa wuyan da lantarki a sanyaya shi nan take, ya taurare zurfin milimita biyu zuwa huɗu. Ana iya gasa shi cikin iska mai sinadarin naitirojin a zafin da ya haura digiri 500, wanda ke ba da fata mai tauri sosai amma siririya, da ƙyar ta kai rabin milimita. Ana kuma iya danne lungun da ƙaramin gare mai tsananin ƙarfi, fatar ta matsu ta yadda tsaga ba ta samun bakin buɗewa. Duk ukun a fata suke aiki. A riƙe wannan, domin za a sake buƙatarsa idan an zo maganar gyara.

Murɗar da ba a gani

Bayan lanƙwasa akwai murɗa. A bayan inji akwai ƙaton faifai mai nauyi da ke son juyi ɗaya ba sauri ba jinkiri. Kowace fashewa kuma tana fizgar karanshaf gaba, ya murɗe kaɗan kamar ana matse wanki, ya saki, ya dawo. Idan inji ya kai wani gudun da fizgar ta zo daidai da yadda karanshaf ke lilo da kansa, sai murɗar ta yi ta ƙaruwa, kamar yaro a kan lilo da ake turawa daidai lokacin da ya dawo. Tsagar murɗa tana da alama: a karkace take tafiya, galibi daga bakin ramin mai.

Wannan ciwo ya kusa hallaka shahararren jirgin balan-balan na Jamus, Graf Zeppelin, a watan Mayun 1929. Ya tashi zuwa Amurka da inji biyar, huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar ya sauka a Cuers da ke kudancin Faransa. Bincike ya ɗora laifin a kan murɗar da ta yi wa karanshaf ɗin injinan yawa. Injinan ba na gazuwal ba ne, amma cutar ɗaya ce, kuma ta fi tsanani a injin gazuwal mai silinda shida a jere, saboda karanshaf ɗinsa dogo ne, fizgarsa kuma mai ƙarfi.

Maganinta shi ne damfa, faifan nan da ke gaban inji wurin da bel ke hawa. Wani zoben ƙarfe ne da aka manna da roba, wani kuma zobe ne da ke iyo cikin mai mai kauri a rufaffen gida. Aikinsa ya shanye murɗar. Zafi da shekaru suna busar da robar, man kuma yana daskarewa ko ya tsiyaye idan gidan ya loɓa. Matsalar ita ce damfa da ya mutu ba ya ƙara, inji yana tashi lafiya. A gareji da yawa ana kallonsa a matsayin fuli kawai: idan robar ta saki a yi masa walda, ko a sa na wani inji da ya shiga. Sau da yawa karanshaf na biyu yana karyewa ne a daidai inda na farko ya karye, domin an canza karanshaf an bar tsohon damfa.

Ƙura, zafi da lodi

Tsakanin wuyan karanshaf da kusine akwai rata da ba ta wuce kaurin silin gashi ba. Mai ne ke cika ta, kuma muddin yana nan ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Ƙurar hunturu da ta wuce ta tsagaggen filta ta shiga mai tana zama kamar yashin wanke tukunya. Zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 45, yana tsinka mai ya rage masa jiki. Man jabu da aka ɗura a galan mai kyau, ko juyen da aka jinkirta, suna ƙarasa aikin. Idan kusine ya ci, abu biyu ke faruwa. Karanshaf ya rasa madafa a wuri ɗaya ya fara lanƙwasa fiye da ƙima. Idan kuma kusinen ya ƙone ya kama, zafin yana barin ƙananan tsagogi a fatar wuyan, waɗanda ke zama irin karaya ta gaba.

Sai nauyin da ake ƙara wa fashewa. Buɗe famfon gazuwal don mota ta ƙara ja, gaggauta lokacin feshi, injekta mai ɗiga maimakon feshi, garwaya gazuwal da kananzir ko fetur, tayar da inji da tsumma mai fetur a bakin iska da sanyin safiya: kowanne yana sa fashewar ta zo da wuri ko ta zo da kaifi. Ƙarar ƙwanƙwasa da ake ji a irin wannan inji, karanshaf ne ke amsa ta.

Lodi ya fi ƙarfin mota ba ya karya karanshaf kai tsaye, amma yana tilasta inji ya yi awoyi a ƙarshen ƙarfinsa. Mafi muni shi ne hawan tudu ko ratsa yashi da babbar giya, inji yana gurnani a ƙaramin gudu, tattalin mai wai ake yi. A nan ne fizgar ta fi tsanani, matsin mai kuma ya fi rauni. Da damina akwai haɗarin ratsa kori: ruwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda fistan kamar ya daki dutse ne. A gyara biyal ɗin da ya lanƙwashe, a manta cewa gwiwar ma ta sha wannan duka.

Injin niƙa da janareta suna da nasu. Bel da aka ɗaure tamau yana jan bakin karanshaf gefe ɗaya a kowane juyi. Inji da dinamo da ba a daidaita su a layi ɗaya ba, ko dandamalin siminti da ya zauna gefe, suna sa karanshaf yana lanƙwashewa ko da babu lodi. A manyan tashoshin wuta shi ya sa lokaci-lokaci ake sa agogon awo tsakanin kumatun gwiwa a juya inji a hankali, a ga ko suna buɗewa suna rufewa fiye da yadda kamfani ya yarda.

Gyaran da ke warkarwa da wanda ke kashewa

Idan wuya ya ci ko ya ƙarce, ana kai karanshaf wurin masu yanka su rage shi da dutsen goga, a sa masa kusine mai kauri. Matakan da aka saba su ne milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, kuma kowane kamfani yana faɗin inda za a tsaya. Wannan gyara ne halastacce, ya ceci injina ba adadi. Amma a nan ne kuma ake kashe da yawa.

Dutsen goga dole a gyara bakinsa ya ɗauki lanƙwasar lungun daidai. Idan mai yanka ya yi gaggawa ya bar bakin dutsen da kaifi, zai fito da wuya mai ƙyalli, awo daidai, amma lungun ya koma kusurwa. Karanshaf ɗin da Rankine zai gani ya girgiza kai ke nan. Idan an danna dutsen da ƙarfi ba isasshen ruwan sanyaya, fatar tana ƙonewa. Karanshaf mai fatar naitirojin kowane yanka yana cin wani ɓangare na ƙarfinsa, kuma ƙa'ida ita ce a sake gasa shi bayan yanka, abin da ba kowane gari ke da wurin yi ba. Wanda aka danne lungunsa da gare, ba a son dutse ya taɓa lungun sam. Bakin ramin mai ma sai an sake goge shi ya yi santsi, a wanke ramukan tas.

Cika wuya da walda don a mai da shi awonsa na asali, ko miƙe lanƙwasasshen karanshaf da jak ko wuta, suna iya tayar da mota ta kai gida. Amma zafin walda yana rusa taurin fata ya bar ƙarfe a takure, kuma a injin gazuwal mai ɗaukar kaya wannan caca ce. Karanshaf da ya riga ya tsage a lungu kuwa ba shi da gyara, wurinsa wajen masu sayen ƙarfe.

Ta yaya ake gane tsaga? Rataye karanshaf a buga shi da guduma a saurari amo yana tona babbar tsaga ne kawai. Hanya mafi inganci ita ce a sa masa maganaɗisu a watsa masa ruwa mai garin ƙarfe, garin ya taru a kan tsagar. Akwai kuma fenti na musamman mai shiga tsaga, ja da fari, da ake sayarwa a gwangwani. Inda babu ko ɗaya, akwai tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa: a wanke ƙarfen, a jiƙa shi da mai da aka tsinka da kananzir, a goge tas, a shafa masa alli. Idan akwai tsaga, man da ya maƙale ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Ba ta kama komai da komai, amma ta fi ido.

Karyayyen karanshaf ma yana ba da labari ga wanda ya tsaya karantawa. Fuskar karayar kashi biyu ce. Akwai wuri mai santsi da layuka masu zagaye, kamar sawun da ruwan tabki ke bari yana janyewa da rani. Kowane layi zango ne da tsagar ta yi, kuma duk suna nuna inda ta faro. Sai wuri mai kaushi, wanda ya ɓalle a daƙiƙar ƙarshe. Idan mai santsin ya cinye yawancin fuskar, tsagar ta daɗe tana ci ƙarƙashin nauyi madaidaici, sai a nemi laifin a lungu, kusine ko yanka. Idan mai kaushin ya fi yawa, nauyin ne ya yi tsanani. Bakaniken da ya jefar da guntayen bai duba ba, ya jefar da amsar tambayar da mai mota zai sake biya.

Ga mai aiko da kuɗi daga nesa

Ƴan Nijar da yawa da ke aiki a Libiya, Aljeriya, Abijan, Saudiyya ko Turai suna zuba guminsu ne a kamiyo, injin niƙa ko janareta da wani ɗan'uwa ke kula da shi a gida. Galibi injin na hannu ne, ɗan Kwatano ko wanda aka ciro daga wata motar. Gajiyar ƙarfe ba ta da agogo: karanshaf da ya cinye kashi tara cikin goma na rayuwarsa yana iya ƙyalli kamar sabo, kuma hoton WhatsApp ba zai nuna komai ba.

Abin da mai kuɗi zai iya yi shi ne tambaya. Kafin saye, a buɗe ƙasan inji a karanta lambar da ke bayan kusine, ita ke faɗin ko an taɓa yanka karanshaf ɗin da mataki nawa. A auna matsin mai bayan inji ya yi zafi, ba da sanyinsa ba. A duba damfa ko robarsa ta tsattsage, ko gidansa ya loɓa, ko an taɓa masa walda. Idan za a kai yanka, a nemi a gwada tsaga kafin a sa dutse da kuma bayan an gama, a kuma tambayi mai yankan yadda zai yi da lungu. Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Bayan saye, kuɗin da ya fi amfani shi ne mafi ƙanƙanta: mai na gaske daga wurin da aka amince da shi, filtar mai da ta iska a kan lokaci, gyaran injekta da zarar hayaƙi ya canza. Akwai alamun da idan direba ya faɗa a waya, amsarsu ita ce a kashe inji a inda yake: fitilar mai da ke ƙiftawa, ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, sabuwar girgiza a wani gudu na musamman, ko ƙyallin garin ƙarfe a cikin man da aka juye. Direban da ya san za a zarge shi idan ya tsaya, lallaɓawa zai yi ya ƙarasa, kuma kowane kilomita na wannan lallaɓawar dubban duka ne a kan tsagar da ta riga ta buɗe. Kuɗin janwe da kwana biyu a gareji ba su kai kuɗin karanshaf ba, balle idan ya karye ya fasa jikin injin ya tafi da shi gaba ɗaya.